Waya ta hana ɗana barci, karatunsa ya ja baya: ina mafita?

Mahaifiyar ɗalibi, Zariya:
Assalamu alaikum. Ɗana yana aji biyu na babbar sakandare, bara yana cikin biyar na farko a ajinsu, amma wannan zangon ya faɗi lissafi. Mun saya masa waya ne saboda malaminsu yana tura aikin gida ta WhatsApp. Shekaranjiya na farka ƙarfe biyu na dare, na tarar da shi ya ƙudundune cikin bargo yana kallon TikTok, hasken wayar na haska fuskarsa. Da asuba sai an yi da gaske yake tashi salla, kuma malamin Islamiyya ya ce haddarsa ta tsaya cik. Shin in ƙwace wayar baki ɗaya?

Malamin lissafi, Kano:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ina ganin irinsa kullum: darasin farko bai yi nisa ba sai ka ga kai ya kife a kan tebur. Ban ba ki shawarar ƙwace wayar ba, domin tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, kuma yaron da aka raba da tasa yakan koma ta abokinsa, inda idonki bai kai ba. Dare ne matsalar, musamman da yake kamfanonin sadarwa suna sayar da datar tsakar dare da araha. Ki karɓi wayar bayan sallar isha'i, ta kwana a ɗakinki, ki mayar masa bayan ya dawo daga makaranta.

Ma'aikaciyar jinya, Maraɗi:
Yaro mai shekarunsa yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana, shi ya sa haddar ta tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019. Idan kika ga ya daina cin abinci da ku, ko yana fusata sosai in an taɓa wayar, ki kai shi ya ga likita.

Mahaifiyar ɗalibi, Zariya:
Na gode, Malam, na gode, 'yar'uwa. Mun zauna da shi da mahaifinsa, ya amince wayar ta riƙa kwana a wurina, sai dai ya roƙi a bar masa ita daren Juma'a. Malam, in yarda?