Fetur na cinye mini ribar albasa, ina mafita?

Mai lambu a Meskin:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina noman albasa a Meskin, nan kusa da Marwa a Kamaru, rabin hekta da rijiya ɗaya. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 zuwa-zuwa, wato fetur ɗin sumoga da ake sayarwa a bakin hanya, ya daina arha, na gidan mai kuma ya tashi daga sefa 730 zuwa 840 a farkon 2024. Abin da ke ci mini rai shi ne hanyar ruwana ta ƙasa ce, wurin kuma rairayi. Jiya na tsaya ina kallo, injin ban ruwa na ta ruri, ruwa ya fi minti ashirin bai kai fangalin ƙarshe ba, ƙasa na shanyewa a hanya. Wannan fa kuɗina ne ke nutsewa a gaban idona. An ba ni shawarar ban ruwa na ɗigo, wato na robar da ke ɗiga ruwa a gindin shuka ta ƙananan ramuka. Wanda ya taɓa gwadawa, don Allah yana mayar da kuɗinsa?

Dattijo daga Lagdo:
Wa alaikumus salam ɗana. Ina gari aka gama madatsar Lagdo a 1982, kuma da noman rani na aurar da 'ya'yana. Kada ka fara da ɗigo. Sayi tiyo ka ja daga bakin inji har tsakiyar lambu, ruwa ya sauka a gindin fangali ba tare da ya bi rairayi ba. Sannan ka ɗauki fartanya ka daidaita fangalolinka. In gefe ɗaya ya fi tudu, sai ka cika kwarin har ya yi ambaliya kafin tudun ya jiƙa, man nan kuwa kai ka saye shi. Ka shayar da asuba ko bayan la'asar. Ni da na yi haka, jarkar da ke yi mini kwana huɗu ta koma tana kai ni mako.

Malamin gona a Yagwa:
Baba ya faɗi gaskiya. A ƙiyasin FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ban ruwa na kwarara wajen kashi 60 cikin 100 ne ke amfanar shuka, na ɗigo kuwa wajen 90. Sai dai yana son tanki a sama da matacin ruwa, domin laka na toshe ramukan, ga ɓeraye da ke huda robar. Albasa kuma a cushe ake dasa ta, layukan da za ka saya suna da yawa. Ya fi saurin biyan kansa a tumatir da kankana.

Abu ɗaya nake jiye maka, malam. Na sha ganin mutum ya rage ɓarnar ruwa, ya ga mai ya ragu, sai ya faɗaɗa lambu. Maƙwabcinsa ma haka. Ruwan ƙasa kuwa ɗaya ne duk kuke ja. Afrilu na zuwa rijiyoyi su yi ƙasa, kowa ya koma yasa da sauke inji cikin rami, ribar ta tafi can. Ku zauna da maƙwabtanka ku yi magana kafin kowa ya ƙara fili.

'Yar kasuwa daga Kusiri:
Ƙanena, ni saye nake ina tsallakawa da ita Injamena. Albasar da aka cika wa ruwa ina gane ta da hannu: wuyanta kauri, in ka matsa sai ka ji taushi. Ba ta wata biyu a ɗaki ta fara wari. Wanda ya yanke ruwa kamar mako biyu kafin cira, wuya ya bushe ya kwanta, tasa ce ke kaiwa damina lokacin da buhu ke tsada. Irinta nake ƙara wa kuɗi ba gardama.

Mai lambu a Meskin:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, ɗazu na auna da igiya, mita sittin ne daga rijiya zuwa tsakiya, ranar Litinin zan shiga kasuwar Marwa in tayo tiyo. Hajiya, tawa saura kamar wata guda a cire. In fara rage ruwan sannu a hankali ne, ko in yanke gaba ɗaya idan lokacin ya yi?