Kurmi ko dajin ruwan sama?

Malaman labarin ƙasa da masu aikin fassara, ina roƙon mu tsayar da magana a kan abin da Turawa ke kira rainforest, domin "dajin ruwan sama" da ake yawan rubutawa bai zauna mini a kunne ba. Wane daji ne ba ya shan ruwan sama? Ai ko dajin Falgore yana sha.

Abin da ake so kalmar ta ɗauka shi ne irin dajin da ke kwarin Kogin Amazon, kwarin da faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita miliyan 7, wanda kusan kashi 60 cikin 100 na dajinsa ke ƙasar Brazil. A can ruwan shekara yakan wuce milimita 2,000, ninkin na Kano har da ɗoriya, kuma itatuwa sun haɗa kai a sama sun yi rumfa, ta yadda hasken da ke isa ƙasa bai fi kashi 2 cikin 100 ba. Mutum na tafiya da tsakar rana kamar da almuru, ruɓaɓɓen ganye na lumewa a ƙarƙashin ƙafarsa, birai da aku kuwa sai dai ya ji kukansu daga can bisa.

A ganina kalmar tana hannunmu tun tuni, wato kurmi. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun san irin ƙasar da goron ke fitowa, kuma idan sun ce kurmi, duhuwa da laima da dogayen itatuwa suke nufi. Wani malamina ya yi mini gyara cewa kurmi yakan nufi ɗan surƙuƙin bakin rafi, a bakin wasu ma kudancin Najeriya kawai yake nufi. Allah ya gafarta malam, gyaran gaskiya ne, amma sunan wuri yana raba gardama: kurmin Amazon, kurmin Kwango. Kalmar tana da wata fa'ida kuma, domin kurmi a wajenmu ƙasa ce mai mutane, kamar yadda 'yan ƙabilar Yanomami, mazauna kurmin Amazon, ke kiran nasu urihi, kalma ɗaya da ta haɗa daji da ƙasar zama.

Inda nake neman taimakonku shi ne ɓangaren da ambaliya ke shanyewa. A wajen birnin Manaus na ƙasar Brazil kogi yakan tashi kimanin mita 10 duk shekara, ya shiga cikin itatuwa wata da watanni, har kifin tambaki ya riƙa cin 'ya'yan itace da ke faɗowa. Na rubuta "kurmin fadama", amma fadamarmu ba ta nutsar da itace. Masunta, me kuke ce wa irin wannan?