Shawarwari kan ɗaukar hoton tsuntsaye lokacin sheƙa

Sabon shiga, Kano: Assalamu alaikum. Na sayi kyamara mai jawo nesa kusa, kuma ina so in ɗauki hoton tsuntsaye a sheƙarsu cikin wannan damina. An ce mini in tafi Dagona, wurin nan da aka keɓe wa tsuntsayen ruwa a jihar Yobe. Me manya suka gani?

Malamin makaranta, Gashuwa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Dagona tana kusa da mu, kuma ta cancanci ziyara, sai dai yawancin tsuntsayen da suka yi mata suna baƙi ne daga Turai, waɗanda ke sauka a dausayin Haɗeja da Nguru da hunturu, ba kuma a nan suke ƙyanƙyasa ba. Idan sheƙa kake nema, ka fara da shamuwa. Da faɗuwar ruwan farko take zuwa, ta tara ƙirare a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari, kuma ta saba da mutane, don haka tsayuwarka ba za ta firgita ta ba.

Hajiya, Jos: Malam ya yi gaskiya. Ni cilakowa na fi so. Macen takan shiga kogon itace ta toshe bakinsa, ta bar 'yar tsaga wadda namijin ke miƙo mata abinci ta ciki. Ka zauna nesa, ka yi shiru. Idan ka ga ya sauka a reshe da fara a baki, yana ta waige-waige ya ƙi ƙarasawa, to ka matso da yawa. Ka ja da baya nan take, domin ita da 'ya'yanta da shi suka dogara.

Dattijo, Haɗeja: Ɗana, bari in faɗa maka abin da har yau yake damuna. Na taɓa matsawa kusa da sheƙar kurciya, na janye wani ganye don haske ya shiga. Uwar ta tashi, ban kai ga mota ba hankaka ya sauka a kan ƙwai biyun nan. Kada ka taɓa reshe, kada ka kunna fitilar kyamara, kuma idan ka saka hoton a Facebook kada ka ambaci wurin, saboda yara masu danƙo.

Sabon shiga: Allah ya saka da alheri, Baba. Wane lokaci ya fi dacewa?

Dattijo: Daga fitowar rana zuwa hantsi, rana tana bayanka. Da tsakar rana kuwa, uwar da ka kora ta bar ƙwanta ne a cikin zafi.