Wi-Fi ya ɓace gaba ɗaya a kwamfutata, Ubuntu 22.04, a taimaka

Ɗalibi, Madina: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana 3 ke nan ina cikin damuwa. Kwamfutar tafi-da-gidanka ce ta hannu, yayana ya bar min da zai koma Kano, akwai Windows 10 a gefe ɗaya da Ubuntu 22.04 a ɗayan. A Ubuntu nake rubuta bahasina, kuma ranar Lahadi zan miƙa wa mai duba aikina babi na biyu. Shekara guda ina aiki lafiya lau. Ranar Talata bayan isha'i na kunna, alamar Wi-Fi babu ita sam, cikin saituna kuma an rubuta wai ba a ga na'urar ba. A Windows yana kamawa garau. Na kashe na kunna ya fi sau 10. Ban taɓa komai ba wallahi.

Injiniya, Jidda: Wa alaikumus salam. Tunda Windows na kamawa, katin Wi-Fi ɗin lafiyarsa ƙalau, kada wani ya sa ka sayi sabo. Buɗe Terminal ka buga waɗannan, ka turo abin da ya fito:
lspci -nnk | grep -iA3 net
rfkill list
uname -r
Na farko shi zai gaya mana sunan katin da direban da ke riƙe da shi, wato manhajar da ke sa katin aiki. Kafin mu ga wannan, duk maganar da za a yi lalube ne cikin duhu.

Abu Ramla, Riyad: Akhi, kafin nan shiga Windows ka kashe Fast Startup a saitunan wuta. Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya, takan bar katin rabi a farke, Linux, wato Ubuntu ɗinka, ya zo ya kasa ɗaukarsa. Masu tsari biyu a kwamfuta ɗaya kullum nan suke faɗawa, kuma ba wanda ke gaya musu lokacin da ake saka musu.

Ɗalibi, Madina: Ya nuna Broadcom BCM43142, lamba 14e4:4365. Layin Kernel driver in use babu shi a ƙarƙashinsa. rfkill kuma Bluetooth kaɗai ya kawo.

Injiniya, Jidda: To ga ta nan. Wannan katin direbansa wl ne, ba ya zuwa cikin kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, daga kunshin bcmwl-kernel-source ake gina shi a kan kwamfutarka ta hanyar DKMS, mai sake gina direba duk lokacin da sabon kanel ya zo. Ko dai ginin ya faɗi bayan sabon kanel, ko an gina amma an hana shi shiga. Buga:
dkms status
mokutil --sb-state
sudo modprobe wl
Maganar Fast Startup ba ta shigo nan ba, Malam Abu Ramla. Katin da babu direba a kansa ba barci yake ba.

Ɗalibi, Madina: dkms ya ce installed. Na biyu SecureBoot enabled. Na uku Key was rejected by service.

Injiniya, Jidda: Shi ke nan. Secure Boot, tsaron da ke tantance abin da zai shiga tsarin, shi ne ya ƙi direban saboda bai san sa hannun da ke kansa ba. Amma wannan ba ya kunna kansa haka kawai. Wa ya buɗe kwamfutar?

Ɗalibi, Madina: Na kai wa wani mai gyara ya canja min ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo, don agogo na ta komawa baya. Amma Injiniya me ya haɗa batiri da Wi-Fi? Mutumin ya san aikinsa, ko minti 20 bai yi ba.

Injiniya, Jidda: Ba laifinsa ba ne. Cire wannan batirin yakan mayar da BIOS, wato saitunan tushe na kwamfutar, zuwa saitin masana'anta, Secure Boot ya dawo a kunne. Da ka faɗa tun farko da mun gama. Kashe kwamfutar, kunna, danna F2 ko F10 gwargwadon ƙirarta, nemi Secure Boot ka mai da shi Disabled, ka adana. Minti 2.

Ummu Khalid, Makka: Ni ban goyi bayan kashewa ba, ƙanena. Akwai hanyar da ta fi tsabta, ka gabatar wa kwamfutar makullin da Ubuntu ya sa wa direban hannu da shi:
sudo mokutil --import /var/lib/shim-signed/mok/MOK.der
Zai nemi kalmar sirri sau biyu. Sa lambobi zalla, kuma ka tabbata madannai ba a kan Larabci suke ba, don shuɗin allon da zai fito bayan ka sake kunnawa haruffan Turanci kawai ya sani. Daƙiƙa 10 yake jira, danna kowane maɓalli da sauri, zaɓi Enroll MOK, sai Continue, sai Yes, ka sa lambobin. In ya ce fayil ɗin babu shi, jona wayarka da igiyar USB ka raba data, ka sake saka bcmwl-kernel-source, zai ƙirƙiri makullin.

Abu Ramla, Riyad: Duk wahalar banza ce a kan katin da 2.4GHz kaɗai yake gani. Ko ya gyaru, layin 5GHz na masauki ba zai taɓa fito masa ba. A sa katin Intel a huta, direbansa iwlwifi yana cikin kanel. A dai duba ramin tukuna, M.2 ne ko mini PCIe, kuma wasu tsofaffin BIOS suna ƙin katin da ba su sani ba.

Ɗalibi, Madina: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Amma BIOS ɗin nan ina tsoron taɓa shi, an ce min Windows na iya kullewa ta nemi makullin BitLocker mai kulle bayanan da ke cikin kwamfutar, ni kuma ba ni da shi, yayana ne ya saita komai. Shuɗin allon Anti ma ban saba da shi ba. Ba wata umarni ɗaya da zan buga a Terminal kawai?

Injiniya, Jidda: Babu. An yi Secure Boot ne daidai don kada a tsallake shi daga cikin tsarin. Kuma da BitLocker na kunne, da wataƙila tun ranar da aka cire batirin Windows ta tambaye ka makullin. Buɗe Command Prompt a matsayin mai gudanarwa a Windows, buga manage-bde -status ka gani da idonka.

Ɗalibi, Madina: To zan duba in sha Allah. Yanzu dai na jona wayata da igiya, intanet ya zo, sai dai datar na tafiya da gudu. Bari in miƙa babin nan tukuna. Wannan katin na Intel da Malam Abu Ramla ya faɗa, ana samunsa a nan Madina ko sai Jidda?