Awa ɗaya ta maimaita kanta a rumbun bayananmu ranar 26 ga Oktoba

Injiniya_Kano:
Assalamu alaikum. Ina kula da manhajar karɓar odar abinci ta wani shago a Landan, ni kuma a Kano nake aiki. Rumbun bayananmu MySQL ne, kuma lokacin kowace oda yana shiga wani ginshiƙin tebur nau'in DATETIME (mai ajiye kwanan wata da lokaci) bisa agogon Landan. A daren Lahadi 26 ga Oktoba 2025 odojin da suka shigo tsakanin ƙarfe 1:00 da 2:00 sun cakuɗe, har wata ta nuna an biya kuɗinta da 1:10 alhali an yi ta da 1:50. Tun daga ranar kuma rahoton da nake fitarwa yana saɓa wa agogona da awa guda, bayan watanni suna tafiya daidai. Ina matsalar take?

Malam_Bayanai:
Wa alaikumus salam. A daren nan ne Birtaniya ta mayar da agogonta baya, kamar yadda take yi duk Lahadin ƙarshe ta Oktoba: da ƙarfe 2:00 ta buga sai aka koma 1:00, don haka awar ta zo sau biyu. DATETIME kuwa abin da aka ba shi kawai yake ajiyewa, bai san ko 1:10 ta farko ce ko ta biyu ba. Daidaiton da ka gani a baya ma dace ne kawai, domin daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Landan tana kan UTC+1, wato awa guda gaba da UTC, ma'aunin lokaci na duniya, daidai da Najeriya wadda ba ta taɓa agogonta, shi ya sa ɓarakar ta ɓuya. Shawarata ita ce ka riƙa ajiye lokaci da UTC, sai wajen nunawa ka juya shi ta amfani da sunan yanki, wato Europe/London, ba tazarar +01:00 ba. Idan CONVERT_TZ, umarnin MySQL na juya lokaci daga yanki zuwa yanki, ya dawo maka da NULL, wato babu amsa, to ba a loda teburan yankuna ba, sai ka gudanar da mysql_tzinfo_to_sql, manhajar da ake loda su da ita.

Hajiya_SQL:
Malam ya yi bayani, amma a yi hattara wajen gyara tsofaffin layukan. Juyawa kai tsaye za ta daidaita komai ban da wannan awa guda, saboda bayanin da zai bambance su bai taɓa shiga teburin ba. Ka duba lambar da ke ƙaruwa da kanta a kowane layi, inda lokaci ya faɗo daga wajen 1:59 zuwa 1:00 nan ne iyakar, sannan ka gwada da bayanan kamfanin biyan kuɗi. Ka kuma shirya wa Maris, lokacin da ake tsallake awar 1:00 gaba ɗaya, domin duk aikin da aka tsara wa 1:30 na iya ƙin tashi.

Abu_Zinder:
Ina da ɗan ja game da mayar da komai UTC. Ya dace da abin da ya riga ya faru, amma odar da aka ce a kai ƙarfe 7:00 na yamma nan da wata uku gara a ajiye ta da agogon wurin tare da sunan yankin, tunda gwamnatoci na sauya doka. Masar ta dawo da sauya agogo a 2023 bayan shekaru da dainawa, Maroko kuma ta sha ja da agogonta baya a watan Ramadan, wanda ranakunsa ke matsawa kowace shekara.

Injiniya_Kano:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, na gano iyakar ta lambar layi kamar yadda kika ce. Shin in sauya ginshiƙin zuwa TIMESTAMP ne, nau'in da MySQL ke juyawa zuwa UTC da kansa wajen ajiyewa, ko in bar shi DATETIME in riƙa zuba masa UTC daga manhajar?