Rijiyarmu ta ƙi tsarkaka bayan ambaliya, me ya rage mu yi?

Jama'a, masu sanin harkar ruwa, don Allah ku taimaka mana da shawara. Ambaliya ta janye daga ƙauyenmu, mutane sun fara komowa suna gyaran gidaje, amma rijiyar da kowa ke sha ta gagare mu. Ruwan ya haye bakinta, ya kwaso laka da ƙazantar masai ya zuba ciki.

Mun yashe ta, mun wanke bangon, mun zuba kulorin (sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa), ta kwana a rufe, muka sake kwashe ruwan. Kwana kaɗan sai ya dawo launin ƙasa, da ɗan wari. Na san kulorin ba ya aiki sosai a ruwa mai laka. Abin da ya fi damuna shi ne masai da suka rufta kusa da ita, ga ƙasa har yanzu a jiƙe. Ina zargin ƙazantar na tsiyayowa ta tsagar da ke jikin simintin.

Shin mu toshe tsagar mu jira ƙasa ta bushe, ko mu haƙura mu haƙa wata nesa da masan? Kuma yaya za mu gane ruwan ya tsarkaka alhali ba mu da wurin gwaji? Yanzu tafasawa muke yi, amma itacen duk ya jiƙe, yara kuma sun fara gudawa. Kwalara nake tsoro.