Masu jiran sabon firosesa a kan AM5: me kuka gani a sauyin da ya gabata?

Maigyara: Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, zancen Zen 6, sabon ƙarnin firosesan kamfanin AMD, ya cika ko'ina, kowa yana fatan zai zare tsohon firosesa ya ɗora sabo a kan madabod ɗinsa ba tare da ƙarin kashe kuɗi ba. Fatan yana da tushe, domin AM5, soket ɗin da firosesan AMD ke zama a ciki a kan madabod, ya fito a Satumban 2022, kuma a 2024 AMD ta ce za ta riƙe soket ɗin har 2027 da bayanta. To an riga an yi irin wannan sauyi sau ɗaya, daga firosesan Ryzen 7000 zuwa 9000 a kan madabod masu cifset B650 da X670. Waɗanda suka yi da hannunsu, ku faɗa mana inda aikin ke cijewa, don masu jira su san abin da za su shirya.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. BIOS ne na farko, wato manhajar cikin bod da ke tada kwamfuta. Bod ɗin da ya fito a 2022 ko 2023 bai san firosesan 9000 irin su 9700X ba. Ka saka shi, fankoki su juya, jar fitilar CPU ta kama, allo ya zauna baƙi, mai kaya ya ɗauka firosesan ne ya mutu. Hanya mafi sauƙi ita ce a sabunta BIOS tun tsohon yana ciki. Idan an riga an sayar da shi, sai a nemi maɓallin Flashback a bayan bod, wanda ke sabunta BIOS ko babu firosesa. A samu ƙaramin filash a yi masa fomat na FAT32, a sa fayil ɗin a fili, ba cikin folda ba. Sunan fayil yana da muhimmanci: MSI tana son MSI.ROM, Gigabyte tana son GIGABYTE.bin, ASUS kuwa tana haɗowa da BIOSRenamer, manhajar sauya wa fayil suna, a cikin abin da aka sauke. A jona wayar wuta mai fil 24 da mai fil 8, a sa filash a ramin USB da aka yi wa alama, a danne maɓallin kamar daƙiƙa uku. Fitila za ta yi ta kiftawa na wasu mintoci sannan ta mutu. Idan ta ɗan kifta ta tsaya cak a kunne, ba ta karanta fayil ɗin ba; a duba suna ko a canja filash. Kuma don Allah kada a fara wannan aiki sai kwamfutar tana kan UPS ko inbata. Ɗaukewar wuta a tsakiyarsa ita ce ke kwantar da bod.

Malama: Injiniya, ka bar abu ɗaya da ke sa mutane kuka. Makullin TPM, wato ma'ajiyar sirrin tsaron kwamfuta, a cikin firosesa yake zaune (shi ake kira fTPM), don haka idan aka sauya shi bod zai tambaya ko a goge fTPM. Wanda BitLocker, kwaɗon Windows mai kulle bayanai, ke kunne a diski ɗinsa, Windows za ta nemi lambobi 48 na buɗewa kafin ta shiga. A dakatar da BitLocker kafin a taɓa komai, a rubuta lambobin a takarda. PIN na shiga Windows ma yakan daina aiki, sai a tabbatar ana tuna kalmar sirrin asusun.

Mai Sukudireba: Ni RAM zan yi magana a kai, domin nan ne ake yawan zargin sabon firosesa ba da laifinsa ba. Bayan sauyi, kunnawar farko takan ɗauki lokaci saboda bod yana gwada RAM ɗin DDR5 ne. Da 64GB ana iya shafe mintoci allo yana baƙi. Kada a kashe. Sannan sabunta BIOS yana mayar da saiti yadda ya zo, EXPO, saitin da ke ba RAM cikakken gudunsa, ya mutu, RAM mai gudun 6000 ya koma 4800 ba ka sani ba. A shiga a sake kunna shi. Sanduna biyu a rami na biyu da na huɗu daga firosesa, wato A2 da B2. DDR5-6000 CL30 shi ne ya zauna lafiya a kan 7000 da 9000 duka, don a nan mai kula da memori yake tafiya kai ɗaya da RAM. Cika ramuka huɗu kuwa yana jawo gudun ƙasa sosai. A takardar AMD, gudun DDR5-3600 ne kawai aka lamunce idan an cika huɗun. Wanda ke son 64GB ya sayi 32 biyu. Kuma a leƙa wutar SoC a BIOS, wato ta sashen firosesa da mai kula da memori ke ciki, kada ta wuce 1.3V. Tun bayan ƙonewar wasu 7800X3D a Afrilun 2023 aka sa wannan iyaka, amma bod ɗin da ya daɗe a shago yana iya zuwa da BIOS na kafin lokacin.

Ɗan Kasuwa: Oga, to ni da zan haɗa sabuwa yanzu, ba gara in cije in sayi bod mai X870E ba don in huta idan sabon ya fito?

Injiniya: Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. X870E da X670E guntun cifset ɗinsu iri ɗaya ne. Babban bambancin shi ne an wajabta USB4 a kan X870. Idan ba ka da kayan USB4, B650 ko B850 mai kyau ya wadatar. Abin dubawa shi ne VRM, wato sashen da ke ba firosesa wuta: ya zama da ƙarfen sanyaya mai kauri a kansa. Firosesa mai 170W yana iya jan har 230W, kuma ƙaramin A620 marar ƙarfe zai yi zafi ya rage masa gudu. A karanta littafin bod kuma, domin a wasu X870 da zarar ka sa SSD a wani ramin M.2, layukan sadarwar katin girafik su sauko daga 16 (x16) zuwa 8 (x8).

Tsohon Hannu: Yaran nan, ku tuna da AM4, soket ɗin da ya gabaci AM5. Ya yi mana rana, tun daga Ryzen 1000 na 2017 har 5800X3D na 2022. Amma a 2020 AMD ta fara cewa B450 da X470 ba za su ɗauki Ryzen 5000 ba, sai da jama'a suka yi caa sannan ta janye, masu X370 da B350 kuwa sai 2022 suka samu a hukumance. Guntun BIOS mai 16MB ya cika, har aka riƙa cire tsofaffin firosesa daga jeri don a sami wurin sababbi. Alkawarin soket daban ne da alkawarin kowane bod. Kafin ka sayi sabon firosesa, ka buɗe shafin bod ɗinka ka ga sunansa a jerin CPU, da lambar BIOS da ake buƙata.

Malama: Gaskiya ne, Baba. Masu kallon Intel kuma su sani soket ɗin LGA1700 ya ƙare a ƙarni na 14. LGA1851 ya zo da Core Ultra 200S a Oktoban 2024, DDR5 zalla, sai dai fankar LGA1700 tana hawa kansa. Wanda zai sayi na hannu na ƙarni na 13 ko 14, ya sa BIOS mai gyaran Intel na 0x12B ko sama da haka, wanda ke rage yawan wutar da ke raunana su, kuma ya gwada shi da aiki mai nauyi kafin ya biya, don gyaran ba ya warkar da wanda ya riga ya raunana.

Maigyara: Zafi fa? A watan Afrilu ɗaki yakan kai digiri 40 a wajenmu.

Mai Sukudireba: An ƙera 7700X ne ya hau har 95°C, don haka lambar kaɗai ba ciwo ba ce, amma a zafinmu zai isa can da wuri ya rage gudu. Eco Mode na 65W yana sauke shi sosai, kuma a wasanni ba a cika jin bambanci ba. Fankar AM4 da ke amfani da ƙarfen bayan bod na asali tana shiga AM5. Wadda ke zuwa da nata ƙarfen sai an nemo mata kayan ɗaurin AM5. A goge tsohon man sanyaya, a shafa sabo. Wajen zare firosesa a yi hankali, domin alluran 1718 a cikin soket suke yanzu, ba a jikinsa ba. A kama shi ta gefe, a ɗaga shi tsaye, a daidaita alamar kusurwa wajen ajiye sabon, kada a goga shi a kai.